Tesla: Sunan gizago da ya cika duniya, ya yi ƙaranci a gida

A zangon karatun da ya wuce ina koya wa 'yan aji biyu na JHS darasin maganaɗisu da lantarki, sai na rubuta kalmar "Tesla" a allo, na ce wa ya san mene ne wannan? Kusan rabin ajin suka ɗaga hannu. "Mota ce, Ticha!" Wani daga baya ya ƙara da cewa, "Ta Elon Musk ce, ba ta shan fetur." Da na ce musu sunan mutum ne, kuma sunan danginsu ne tun kafin a ƙera mota ko ɗaya a duniya, sai wata yarinya ta ce, "To Ticha, me sunan yake nufi?"

Amsar gajeriya ce, amma labarin da ke bayanta dogo ne. Tesla na cikin sunayen dangi marasa yawa a ƙasar Kuroshiya, inda aka haifi mai sunan. Duniya ta san shi ciki da waje, ƙasashe biyu suna jayayya a kansa, amma a ƙauyukan da ya fito sai ka sha wuya kafin ka tarar da mai amsa shi.

Gizago a hannun masassaƙi

A harshen Kuroshiyawa da Sabiyawa, wanda kusan harshe ɗaya ne, "tesla" na nufin gizago, wannan ƙarfen mai lanƙwasasshen baki da masassaƙi ke fafe turmi da akushi da shi. Kalmar ta fito daga aikatau "tesati", wato sassaƙa, kuma daga nan ne aka samu "tesar", kafinta. Masana harshe suna danganta wannan tushe da tsohuwar kalmar Girkanci "tekton", mai nufin kafinta ko magini. Ashe dai mutumin da ake yi wa kirari da uban lantarkin zamani, sunan kayan aikin sassaƙa yake ɗauke da shi.

Bayani biyu ake bayarwa kan yadda gidan ya samu sunan. Na farko shi ne na sana'a: wani kaka ne masassaƙi, aka riƙa kiransa da kayan aikinsa, kamar yadda za mu ce wa mutum Mai-gizago har sunan ya bi 'ya'ya da jikoki. Na biyu labarin cikin gida ne, wanda John O'Neill ya kawo a littafin tarihin Tesla da ya fitar a 1944. A cewar labarin, asalin sunan gidan Draganić ne, amma wani reshe na zuriyar yana da manyan haƙoran gaba masu faɗi da suka turo waje kamar bakin gizago, sai maƙwabta suka laƙaba musu Tesla. Idan wannan ne gaskiya, to sunan tsokana ne ya danne na asali. Mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gidaje nawa ne a Zango aka manta sunan yankan mai su, sai laƙabin da abokan wasa suka ba shi?

Yadda Kuroshiyawa suka samu sunan dangi

Masu kallon ƙwallo sun saba da sunaye masu ƙarewa da "ić": Modrić, Rakitić, Perišić, Kovačić. Wannan ɗafin ana furta shi "ic" da irin "c" ɗinmu ta Hausa, ta "ciki" da "cokali". Saboda haka Bahaushen da ya karanta "Modric" yadda ya gan shi a rubuce ya fi Baturen Ingila kusa da daidai. Ma'anar ɗafin ita ce "ƙarami" ko "ɗan wane". Kovač maƙeri ne, Kovačić da Kovačević kuwa ɗan maƙeri. Perišić daga sunan Petar ya samo asali. Babić daga "baba", wadda a wurinsu tsohuwa ko kaka mace take nufi. Subašić, sunan golan da ya tsare musu raga a gasar duniya ta 2018, daga muƙamin Turkawa ne na "subasha", jami'in da ke kula da tsaron gari.

Masanan sunaye irin su marigayi Petar Šimunović sun kasa sunayen dangin ƙasar zuwa manyan rukunai huɗu: na sunan uba ko uwa, na sana'a, na wurin da mutum ya fito, da na laƙabi. Sunan da ya fi kowanne yawa shi ne Horvat, ma'anarsa kawai "Bakuroshiye". Ya yaɗu ne lokacin da mutane suka yi ta gudu arewa saboda yaƙe-yaƙen Turkawa, waɗanda suka sauke su suka riƙa kiransu da sunan ƙabilarsu. Shi ya sa Horváth ke cikin sunaye mafi yawa a Hangari da Sulobakiya har yau. Ba a kiran mutum Ɗan Kano a cikin Kano, sai ya sauka Kumasi ko Salaga.

Sunayen dangi sun fara bayyana a takardun biranen gaɓar tekun Kuroshiya tun ƙarni na 12, a gidajen masu mulki da attajirai. Talakawa sun shigo daga baya. Babban taron cocin Katolika na Trent, wanda aka kammala a 1563, ya wajabta wa limaman coci rubuta duk wanda aka yi wa baftisma ko aka ɗaura wa aure. Daga baya, a 1780, dokar Sarki Joseph na Biyu na Ostiriya ta sa sunan dangi ya zama tilas, ya kuma tsaya ba ya canzawa. Hukuma tana son sanin wa zai biya haraji, wa za a ɗauka soja. Laƙabin da a da yake yawo a baki, da ya shiga littafi sai ya daskare.

Tesla na cikin tsirarun sunayen da ba su ɗauki ɗafin "ić" ba. Sunan abu ne tsurarsa, babu "ɗan" a jikinsa. Wannan kaɗai ya sa ya fita daban a kunnen mutanen yankin.

Lika, ƙasar kan iyaka

Gidan Tesla daga ƙauyen Raduč suke, a yankin Lika, ƙasar duwatsu da tsananin sanyi da ke bayan tsaunin Velebit. Daular Usmaniyya ta Turkawa ta riƙe yawancin Lika sama da shekara 150, har zuwa 1689 da sojojin Ostiriya da mayaƙan yankin suka karɓe ta. Sarakunan Ostiriya sun mayar da duk wannan zirin ƙasa sansanin tsaron iyaka. Suka zaunar da manoma, da yawansu Kiristoci 'yan ɗarikar Otodoks da suka tsallako daga ƙasashen da ke hannun Turkawa, aka ba su gona bisa sharaɗin duk namiji soja ne a duk lokacin da aka buga ganga. Wannan tsari bai ƙare ba sai 1881. Zuriyar waɗannan 'yan Otodoks su ne Sabiyawan Kuroshiya, kuma gidan Tesla na cikinsu.

Iyalai a can suna zama ne a babban gida guda, 'yan'uwa da matansu da jikoki suna noma tare suna ci daga rumbu ɗaya, abin da suke kira "zadruga", kusan irin gandu a wurinmu. Idan gida ya cika ya rabu, dole a samu abin da za a bambanta wannan reshe da wancan. A nan laƙabi ke shigowa.

Akwai wani ɓangare na tarihin Lika da ya kamata mu Musulmi mu sani. A zamanin Turkawa akwai Musulmi da masallatai a garuruwa irin su Udbina da Perušić, kuma yawancinsu 'yan ƙasa ne da suka musulunta. Bayan 1689 da yawa suka yi hijira zuwa Bosniya. Waɗanda suka zauna, musamman a kewayen Perušić, aka yi musu baftisma suka zama Katolika. Addinin ya tafi, sunayen suka tsaya. Har yau akwai Katolikan Kuroshiya masu suna Kasumović, wato ɗan Ƙasimu, da Hećimović, ɗan likita, daga kalmar Turkanci "hekim" wadda tushenta na Larabci ɗaya ne da "hikima". Mutum yana zuwa coci ranar Lahadi, sunansa yana faɗin cewa kakansa na nesa ya yi alwala. Shekara sama da 300 ba ta goge wannan shaida ba.

Musulmi ba su ƙare a Kuroshiya ba. Majalisar ƙasar ta amince da Musulunci a hukumance tun 1916. An buɗe babban masallacin Zagreb a 1987, na birnin Rijeka kuma a 2013. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan 51,000 ne, kashi 1.3 cikin ɗari na al'ummar da ba ta kai miliyan huɗu ba, akasarinsu masu asali daga Bosniya.

Ɗan limamin coci

An haifi Nikola Tesla a ranar 10 ga Yuli, 1856, a ƙauyen Smiljan kusa da garin Gospić. Mahaifinsa Milutin limamin cocin Otodoks ne na ƙauyen. Mahaifiyarsa Đuka, 'yar gidan Mandić, ita ma 'yar limamin coci ce. Ba ta yi makaranta ba, amma tana ƙera kayan aikin gida da hannunta, kuma Nikola ya sha faɗin cewa daga gare ta ya gaji basirar ƙirƙira. Uban ya so ɗan ya gaje shi a coci. Sai da kwalara ta kwantar da yaron wata da watanni har aka fid da rai, sannan uban ya yi alkawarin tura shi karatun injiniya.

Ya yi karatu a Karlovac, sannan a Graz ta Ostiriya, inda bai kammala ba. Ya yi aiki a Budapest da Paris, ya sauka New York a 1884, ya yi ɗan zama a kamfanin Thomas Edison kafin su rabu. A lokacin lantarkin Edison mai gudu ta hanya ɗaya ne, ba ya nisa sai ya raunana, don haka sai an kafa injin wuta kusan a kowace unguwa. Tesla ya tsaya kan lantarki mai kai-da-komo, wanda taransifoma ke iya ɗaga ƙarfinsa a tura shi ta waya zuwa nesa, a sake sauke shi a bakin gari. Ya kuma ƙera injin da ke juyawa da irin wannan wutar. A 1888 kamfanin George Westinghouse ya karɓi haƙƙin amfani da ƙirƙirarsa. A 1893 suka haskaka baje-kolin duniya na Chicago, a 1896 kuma wutar da aka samar a magangarar ruwan Niagara ta isa birnin Buffalo.

Wutar da ke tasowa daga madatsar Akosombo tun 1965, ta bi manyan wayoyi ta iso Accra da Kumasi da Tamale, a kan wannan tsari take tafiya. Fankar da ke kaɗawa a masallacin unguwarku, da injin niƙan da mata ke kai masara, jikokin injin Tesla ne. Duk ranar da aka ɗauke wuta muka zauna cikin dumso muna fifita, a ranar muke sanin darajar aikin ɗan gidan gizago.

Shi kansa bai mutu da dukiya ba. Ya rasu ranar 7 ga Janairu, 1943, shi kaɗai a ɗakin otal a New York, yana da shekara 86, bayan shekaru yana fama da bashi.

Me ya sa sunan ya yi ƙaranci?

Dalili na farko a cikin gidan yake. Milutin da Đuka sun haifi 'ya'ya biyar: maza biyu, mata uku. Babban wan, Dane, ya rasu yana yaro sakamakon hatsarin doki. Matan, Milka da Angelina da Marica, sun yi aure, 'ya'yansu suka ɗauki sunayen ubanninsu. Nikola bai taɓa aure ba, bai bar ɗa ba. A tsarin da suna ke bin namiji kawai, wannan reshe ya rufe ke nan da rasuwarsa. Ko ɗan'uwan da ya kwaso takardunsa da kayansa daga Amurka zuwa Belgrade, Sava Kosanović, ɗan ƙanwarsa Marica ne, ba ya amsa Tesla.

Dalili na biyu shi ne suna ne da bai yaɗu a garuruwa da yawa ba. Kovač ya yi yawa saboda kowane gari yana da maƙeri. Laƙabi irin na Tesla kuwa gida ɗaya ake ba shi, yawansa ya dogara ga yawan 'ya'ya mazan wannan gidan. Lika kuma ƙasa ce mai tsandauri da ta daɗe tana korar 'ya'yanta zuwa birane da Amurka neman abinci.

Dalili na uku shi ne mai zafin. A 1941 gwamnatin 'yan Ustaša, ƙawayen Hitler da suka mulki Kuroshiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta yi wa Sabiyawa kisan gilla. Smiljan na cikin ƙauyukan da abin ya shafa, an kashe mutane da dama, cikinsu har da dangin Tesla, an kuma lalata cocin da mahaifinsa ya yi limanci. Bayan shekara 50, da Yugoslabiya ta wargaje, Lika ta sake zama fagen daga. Sabiyawan yankin suka yi tawaye da goyon bayan Belgrade, aka kori Kuroshiyawa da yawa daga gidajensu, aka yi ta luguden wuta a kan Gospić. A 1992 aka tarwatsa mutum-mutumin Tesla da ke tsakiyar garin da nakiya. A watan Agustan 1995 sojojin Kuroshiya suka ƙwace yankin cikin 'yan kwanaki, Sabiyawa sama da 150,000 suka kwashe kaya a taraktoci suka bar ƙasar. Alkaluman ƙidaya sun nuna abin da ya faru: a 1991 Sabiyawa kashi 12 cikin ɗari ne na mutanen Kuroshiya, a 2021 sun koma kashi 3. Ƙauyuka irin su Raduč sun zama kusan kufai, sai 'yan tsofaffi.

Kowa na so, bayan mai shi ya tafi

Yayin da masu sunan ke raguwa a gida, sunan yana ƙara girma a waje. A 1960 babban taron awo na duniya ya sa wa ma'aunin ƙarfin maganaɗisu suna tesla. Idan aka ce na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI mai tesla 1.5 ce ko mai tesla 3, sunansa ake kira. A 2003 injiniyoyi biyu, Martin Eberhard da Marc Tarpenning, suka kafa kamfanin motar lantarki a Kalifoniya suka sa masa Tesla don girmama shi. Elon Musk ya shigo da kuɗinsa ne a 2004. Babu ɗan gidan Tesla ko ɗaya cikin waɗanda suka kafa kamfanin.

A gida kuwa sunan ya zama abin ja-in-ja. Sabiya ta ce nata ne: jininsa Basabiye ne, cocinsu na Sabiyawa ne. Tokar gawarsa, wadda aka ƙona a Amurka, tana gidan tarihinsa a Belgrade tun 1957. Hotonsa na kan takardar dinari 100, kuma filin jirgin saman Belgrade sunansa yake amsawa tun 2006, duk da cewa sau ɗaya tak ya taɓa taka birnin, a 1892. Kuroshiya ta ce a ƙasarta aka haife shi, a nan ya tashi, a nan ya yi makaranta. Da ƙasar ta koma amfani da kuɗin yuro ranar 1 ga Janairu, 2023, sai ta buga fuskarsa a kan tsabar santi 10 da 20 da 50. Tun lokacin da aka sanar da shirin a 2021 babban bankin Sabiya ya fito ya yi ƙorafi. Amurka ma tana da nata kason, domin ya zama ɗan ƙasar tun 1891.

Akwai wata wayar tangaraho ta 1936 da ake danganta masa, inda aka ce ya bayyana cewa yana alfahari da asalinsa na Sabiya da kuma ƙasar haihuwarsa Kuroshiya daidai wa daida. Masana tarihi na gardama kan ingancinta, amma dai ita ake yawan kawowa idan ana neman sulhu. A ranar 10 ga Yuli, 2006, cikar shekara 150 da haihuwarsa, shugabannin ƙasashen biyu na lokacin, Stjepan Mesić da Boris Tadić, sun tsaya tare a Smiljan wajen buɗe gidan da aka haife shi bayan an gyara shi.

Mu a Ghana mun taɓa zama da irin wannan mutumin, ko da ba mu lura ba. Ratomir Dujković, kocin da ya kai Black Stars gasar cin kofin duniya karo na farko a 2006, wanda 'yan jarida ke kira Doya har yaran Zango suna dariya, kowa ya san shi a matsayin Basabiye. To a Borovo aka haife shi, cikin Kuroshiya.

Abin da ya rage mana

Hausawa na cewa suna linzami ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layi da takardunsa a hannu, aka karanta sunansa aka ɗago kai aka ce, "Kai ɗan ina ne asali?" alhali a nan aka haifi kakansa, ya san abin da Basabiyen Lika ke ji. Dattawanmu ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, gidaje suka rabu, wasu ba su sake haɗuwa ba. Tarihin Lika ya fi namu jini nesa ba kusa ba, Allah Ya kiyaye mu da ganin irinsa. Amma darasin ɗaya ne: ƙasa kan yi alfahari da sunan ɗan tsiraru idan ya shahara, ko da ba ta kyauta wa danginsa ba. Mun ga yadda ake tafa wa yaranmu na Nima da Tamale idan suka ci ƙwallo da rigar ƙasa.

Akwai kuma abin da yake hannunmu. A rajistar ajina akwai yara uku 'yan uba ɗaya, kowanne da sunan ƙarshe daban: ɗaya da sunan uban, ɗaya da na kakan, ɗaya da na kawun da ya kawo shi makaranta. Akwai Abubakar da aka rubuta Abukari a takardar haihuwa, Bukari a katin asibiti. Yau abin dariya ne. Ranar da za a cike takardar jarrabawa, ko neman fasfo na aikin Hajji, ko rabon gado, a nan yake zama kuka da kashe kuɗin rantsuwa a kotu. Al'adarmu ta kiran mutum da sunan ubansa tana da tushe a addini, kuma babu mai cewa a bar ta. Abin da ake nema shi ne kowane gida ya zauna ya tsayar da suna ɗaya da rubutu ɗaya ga 'ya'yansa, tun daga takardar haihuwa.

Sannan a tambayi tsofaffi tun suna nan. Me ya sa ake ce wa gidanmu gidan Mai-goro, ko gidan Wanzam, ko gidan Bakatsine? Wa ya fara zuwa, ta wace hanya, da wane fatauci? Labarin haƙoran gidan Tesla ya iso gare mu ne saboda wani ya tambaya, wani ya rubuta.

Aikin gida da na ba ajin a ranar shi ne kowa ya je ya tambayo ma'anar sunan gidansu. Yarinyar da ta yi mini tambayar ta dawo ranar Litinin da shafi biyu cike, ta ce kakarta ta hana ta barci sai da ta kai ta har Gwanja.